A Raba Wa Wayar Lantarki Kaya Kafin Hunturu

Yanzu da hunturu ke ƙaratowa, mun ga ya kamata mu jawo hankalin jama'ar Tambuwal da Kebbe ga wani abu da ake rainawa, alhali kuwa yana iya cinye gida a dare ɗaya. Abin nan shi ne tara kayan lantarki masu yawa a kan soket guda, da kuma ɗaura dukan sokotocin gida a kan waya guda.

Asalin matsalar tsoho ne. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, lantarki ya yi ta bazuwa cikin garuruwan Arewa sannu a hankali. Wanda ya ja wuta a wancan zamani, ƙwai biyu ko uku da fanka da rediyo ya nufa, aka sa masa waya daidai da wannan. Yau gidan ya cika da 'ya'ya da jikoki, an ƙara ɗakuna, an sayo firji da talabijin da dutsen guga da hitar dafa ruwa, amma wayar tana nan yadda take. Kowane sabon ɗaki sai a jona masa daga na kusa da shi.

To, ga lissafin, malaman makaranta sai su gwada shi a allo. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, soket mai ƙafa uku irin na Ingila kuwa amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka, watau wajen wat 3,000. A ce dutsen guga yana cin wat 1,200, hita 1,500, murhun lantarki 1,500. Jimla 4,200 ke nan, ya kai amfiya 18. In aka haɗa su a wayar ƙari guda, sai ta yi zafi, robarta ta yi laushi, ta narke. Galibi kuma a cikin silin take, kusa da katako busasshe, inda ido ba ya kaiwa.

Akwai wani abin da ya ƙara tsananta al'amarin. Inda wuta ba ta zama, da ta zo sai kowa ya tashi haiƙan: mai guga na guga, uwargida ta tsoma hita a bokiti, yara sun jona wayoyin hannu. Aikin yini guda ya taru a sa'a guda. In kuma ta zo da rauni, na'urar daidaita wuta sai ta ƙara jan amfiya don ta cike giɓin. Mafi muni shi ne a ɗauke wuta, a manta hita a jone, a dawo da ita tsakar dare.

Domin haka aka yi bireka, watau makunnin nan da ke katse wuta da kansa in kaya sun yi yawa. Amma me muke gani? In ya faye faɗuwa, sai mai gida ya husata, ya kira mai gyara ya sa masa babba, ko a ɗaure fis da zaren tagulla mai kauri. Wannan kuskure ne babba. Waya bireka yake tsaro, kuma da kaurinta ake auna shi. Wanda ya sa bireka mai amfiya 32 a kan siririyar waya mai milimita 1.5, wadda ta fitilu ce, ya sallami mai gadi ne don ya dame shi da ihu. Jakin da ya durƙushe, ba sanda yake bukata ba, jaki na biyu za a nemo.

Gyaran shi ne a raba. Fitilu su sami layinsu da ƙaramin bireka. Sokotocin ɗakuna su sami nasu da waya mai milimita 2.5. Ɗakin girki shi kaɗai, injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki kowanne shi kaɗai. Ta haka in layi ɗaya ya faɗi, sauran gida ba ya shiga duhu, an kuma san inda cutar take. Kuɗinsa bai kai na firjin da ake jonawa ba.

Kada wani ya jira kamfanin Kaduna Electric, mai raba wuta a Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna. Abin da ke bayan mita na mai gida ne. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA mai duba aikin haɗa wuta da ba masu yinsa takardar shaida, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Muna ganin ƙananan hukumomin nan biyu za su iya farawa da nasu gine-ginen, ofisoshi da asibitoci da gidajen malamai, su kuma rubuta sunayen masu takardar shaida a manna a sakatariya, don mutumin Dogon Daji ko na Kuchi ya san wanda zai kira.