A Gyara Tsofaffin Kawunan Jirgin Ƙasa, Kada A Sayar Wa 'Yan Gwangwan

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in tofa albarkacin bakina game da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa masu amfani da man gas, waɗanda ke jan taragun kaya a tsohon layin dogo.

Jama'a, yanzu kowa zancen sabon jirgi yake yi, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021. To madalla. Amma sabon layin ya fi tsohon faɗi, don haka sabon jirgi ba zai iya hawa tsohon dogo ba. Shi kuwa tsohon dogon nan shi ne ya iso Kano tun 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Nan ne garuruwan manoma, kuma ta kansa aka kwashe dalar gyaɗar Kano zuwa bakin teku.

Ni dai wallahi in na ji gurnanin tsohon kan jirgi yana tahowa da taragu a bayansa, sai in ji daɗi har cikin raina. Fentinsa ya koɗe, hayaƙi ya ɓata shi, ga tafiya sannu-sannu, amma abin da zai ja a tashi ɗaya sai an tara tireloli da yawa kafin su kwashe. Wasunsu tun zamanin Janar Abacha aka sayo daga Sin, wasu 25 na kamfanin GE suka zo a 2010. Yadda suke aiki, injin gas ne ke juya janareta, wutar ta tafi ga motocin da ke juya ƙafafuwa. Ke nan in abu ɗaya ya lalace, shi za a cire a sa wani. Ba a jefar da garma don bakinta ya cinye.

Kuma mun ga amfaninsu. A 2016 an ɗauki shanu a jirgi daga Gusau har Legas. A 2024 ma an tayar da jirgin kwantena daga Legas zuwa Kano a wannan tsohon layi. Mu da ke noma da ɗan saye da sayarwa mun san kuɗin mota ke cinye ribar buhun masara, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ga tirela na fasa kwalta, ga haɗari.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Jiragen Ƙasa da Ministan Sufuri da su samo kayan gyara, su farfaɗo da ma'aikatar gyaran jirage ta Zariya, su kira tsofaffin kanikawan reluwe su koya wa yara tun suna da rai. Sarakuna da masu unguwanni kuma su sa ido kan ɓarayin ƙarfen dogo. Duk mai sayen ƙarfen nan ya ji tsoron Allah, dukiyar talaka ce. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya sa a ji, Ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Funtuwa, Jihar Katsina.