Kukan Yaro Bayan Cire Haƙori Ba Shagwaɓa Ba Ne

Maganar nan da ake yawan jefa wa iyaye mata a birnin Zazzau, wai yaro ne, zai yi kukansa ya manta, ita ce ke sa ƙananan yara kwana cikin raɗaɗi bayan an cire musu haƙori ko an yi musu aiki a dasashi, alhali jijiyoyin yaro suna kai zafi ƙwaƙwalwa kamar na babba, illa dai shi ba shi da bakin bayani sai kuka da ƙin abinci.

Masu fakewa da haɗarin magani sun cakuɗa abubuwan da ba su haɗu ba. Kodin da taramol ba na yara ba ne, domin hanta tana mayar da kodin ya zama mofin, kuma a jikin wasu yara hakan kan yi yawa har numfashi ya tsaya, dalilin da ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba 'yan ƙasa da shekara 12 waɗannan biyun a 2017. Asfirin ma yana ƙara zubar jini, kuma yana iya jawo ciwon Reye, wato kumburin ƙwaƙwalwa da lalacewar hanta. Amma wannan bai shafi farasitamol ba, wanda ake aunawa da nauyin yaro, kimanin miligiram 15 ga kowane kilo, a tazarar awa 6, a kuma fara shi kafin allurar kashe zafi ta sake shi.

Babban laifin yana wuyan shagunan kemis, tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, inda mai sayarwa kan kimanta yaro da ido ya ce a ba shi cokali ɗaya, bai tambayi nauyinsa ba, bai kuma tambayi abin da ya riga ya sha ba. Zariya ba ta da uzurin wannan sakaci, domin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin asibitocin da suka karɓi yaran da ƙodarsu ta mutu a 2008 sakamakon gurɓataccen maganin haƙori na My Pikin, wanda ya hallaka yara 84 a Najeriya.

Wajibi ne duk likitan da ya cire wa yaro haƙori ya ɗora shi a sikeli, ya rubuta wa uwa awo da lokaci, ya kuma bayyana mata da Hausa kafin ta bar asibiti.