Porpoise: dabbar da sunanta ya yi wa ƙazafi

Kalmar Ingilishi porpoise ta fito ne daga tsohon Faransanci, porpois, tushenta kuwa Latin ne: porcus, alade, da piscis, kifi. Faransancin yau ya yar da ita ya ari marsouin daga harsunan arewacin Turai, ma'anar kuma ba ta yi nisa ba: aladen teku.

Sai dai dabbar ba alade ba ce, ba kuma kifi ba. Da huhu take numfashi, tana haihuwa tana shayarwa, kamar ayun kogin Isa. Tun 1758 Linnaeus ya cire danginta daga sahun kifaye.

Saboda haka mai fassarar da ya rubuta "aladen ruwa" don biyayya ga asalin kalma ya yi ganganci. Wannan suna yana da nauyi a kunnen Bahaushe mabiyin mazhabar Malikiyya. Mudawwana ta ruwaito cewa da aka tambayi Imam Malik game da aladen ruwa, bai ba da amsa ba, sai ya nuna cewa masu tambayar ne da bakinsu suke kiran dabbar alade. Gara a fayyace wa ɗalibi siffarta: ƙaramar dabbar teku mai shayarwa, mai dunƙulallen baki, mai dangantaka da dolfin.