Atisayen soja ta kwamfuta: wa zai riƙe makullin, wa zai tsara wasan?

Da yawa daga cikinmu a nan Dakoro muna da ɗa ko ƙane ko miji cikin kaki, wani yana Diffa, wani Tillaberi, wani kan iyakarmu da Najeriya. Shi ya sa maganar yadda ake horar da soja ta shafe mu kai tsaye, ko da a bariki ake yanke ta.

Abubuwa sun canza cikin ɗan lokaci. Nijar ta karɓi baƙuncin babban atisayen nan na Flintlock da Amurka ke jagoranta a 2014 da 2018. Sai ga shi sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamba 2023, hukumomin CNSP suka soke yarjejeniyar soja da Amurka a Maris 2024, Amurkawa kuma suka bar sansanin 201 na Agadas a watan Agusta. A Mayu 2024 an yi atisaye a cibiyar horar da zaratan sojoji ta Tillia, jihar Tawa, tare da Mali, Burkina Faso, Cadi da Togo. A Janairu 2025 ministan tsaro Janar Salifou Mody ya sanar da rundunar haɗin gwiwa ta AES mai sojoji 5,000.

To, rundunar ƙasashe uku sai ta saba aiki tare, ga ƙasa da faɗi. Daga Yamai zuwa Diffa kaɗai sama da kilomita 1,300 ne a mota. Duk ranar da aka tara hafsoshi wuri guda, an ƙona mai, an gajiyar da motoci, an kuma bar wasu wuraren tsaro da ƙarancin mutane. A nan ne dabarar atisaye ta kwamfutoci masu haɗe da juna take shigowa.

Dabarar ta daɗe. Tun 1983 hukumar binciken soja ta Amurka, DARPA, ta fara wani shiri mai suna SIMNET. An ƙera akwatuna masu kama da cikin tankar yaƙi, aka ajiye wasu a barikin Fort Knox na Amurka, wasu a Jamus, aka haɗa su da layin sadarwa. Kowane wuri yana da taswirar fili iri ɗaya a cikin kwamfutarsa. Abin da ke yawo a layin gajerun saƙonni ne: ga inda nake, ga inda na dosa, na yi harbi. Sai sojan da ke wata nahiya ya ga motar ɗan'uwansa tana tafiya a kan allonsa. A 1993 aka fitar da ƙa'ida guda, DIS, domin na'urorin kamfanoni daban-daban su fahimci juna. Ƙasar Suwidin ma tun 1999 take shirya atisayen Viking, inda hafsoshi da ƴan sanda da ma'aikatan agaji ke aiki kan rikici ɗaya na ƙirƙira, kowa daga inda yake.

Babban amfaninta shi ne ana naɗe komi. In an gama, a maido baya, a ga wa ya ba da umarni a makare, wa ya ji saƙo bai isar ba, wa ya ɗauki abokin aiki a matsayin maƙiyi. Kuskuren da a daji zai ci rai, a nan kunya kawai yake jawowa, gobe a sake.

Mu mutanen jihar Maradi mun san farashin irin wannan kuskure. A Fabrairu 2022 bam ya faɗa ƙauyen Nachade da ke gundumar Madarunfa, yara 7 suka rasu, 5 suka ji rauni. Gwamnan jihar na lokacin ya ce jirgin sojan Najeriya ne ya yi kuskure yayin farautar ƴan bindiga. A Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya kashe mutane sama da 80 a wajen taron Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna. A duka biyun makamin ya yi aikinsa. Abin da ya gaza shi ne tantance wanda ke ƙasa kafin a danna. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake iya maimaitawa sau ɗari a kwamfuta.

Amma fa na'ura abin da aka zuba mata shi take koyarwa. Idan hukumomi suka karkata ga wannan hanya, muna ganin akwai tambayoyi uku da ya kamata a amsa tun kafin a sa hannu a takarda.

Ta farko, wuta da rezo. Ba mu manta watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki saboda takunkumin CEDEAO, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutarmu daga can yake zuwa. Atisayen da zai tsaya in kuran ya ɗauke bai da amfani. Dole kowace cibiya ta samu wutar rana da layinta na kanta.

Ta biyu, makulli. Irin wannan tsari yana tara taswirar barikoki, hanyoyin sintiri da yadda kwamandojinmu ke yanke shawara. Duk wanda ke riƙe da babbar kwamfutar yana ganin wannan duka. Mun riga mun ga yadda abokin hulɗa kan tattara kayansa ya tafi cikin ƴan watanni. Ko daga Rasha aka sayo, ko Turkiyya, ko Sin, darasin ɗaya ne: bayanan su zauna a gida, injiniyoyin Nijar su iya gyara ba tare da jiran baƙo ba.

Ta uku, wadda ta fi damunmu, ita ce wa zai tsara wasan. An ƙirƙiro SIMNET ne don tankoki su kara da tankoki a filayen Turai. Namu filin daban ne. A kwarin Tarka, inda gonaki ke haɗuwa da yankin kiwo, mutum mai rawani a kan babur yana iya zama ɗan bindiga, yana iya zama makiyayi mai neman raƙuminsa. Taro a bakin rijiya da dare sau da yawa shayar da dabbobi ne. Motoci masu tada ƙura ran kasuwa ƴan tireda ne. Idan duk wanda ya bayyana a allon maƙiyi ne, to soja zai koyi saurin harbi, mu kuma za mu biya. A sa makiyaya, manoma, ƴan gudun hijira da ƴan makaranta cikin wasan, a kuma rage wa hafsa maki in ya taɓa su. Masu sanin wannan ƙasa suna nan: sarakuna, ardo-ardo, ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN, da tsofaffin sojoji da suka yi aiki a yankin. A zauna da su.

Ba mu ce kwamfuta za ta maye gurbin fili ba. Zafin rana, ƙishirwa, yashi da tsoro sai a daji ake saninsu. Abin da za ta iya shi ne sa hafsan Maradi, matuƙin Yamai da kwamandan Wagadugu su saba da muryar juna kafin ranar tsanani. Roƙonmu ga hukumomi shi ne, duk ranar da za a tattauna sayen irin wannan kaya, a fara da tambayar ko akwai farar hula a cikin taswirar.

Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu da ke bakin daga, Ya tsare na ƙauye da na rugga.