Mai Bindiga, Ina Ka Ke Ajiye Ta?

Cikin dukan kayan da mutum kan mallaka a gidansa, babu wanda ajiyarsa ta kai ta bindiga nauyi. Rediyo in an sace, mai shi ne ya yi hasara. Keke ma haka. Amma bindiga in ta fita daga hannun mai ita, hasarar ba a kansa ta ke tsayawa ba; ta kan je ta faɗa wa wani bawan Allah a hanyar kasuwa, wanda bai san mai bindigar ba, bai kuwa san ɓarawon ba. In kuma ba sace ta aka yi ba, hannun yaro ta faɗa, wanda ya daɗe yana ganin inda ubansa ya ke jingine ta a bayan ƙofa, to abin ya fi muni, domin wanda ya yi harbin da wanda aka harba duk 'yan gida ɗaya ne. Saboda haka muka ga ya kamata yau mu yi magana a kan akwatin ƙarfen nan da a ke kira sef, da irin wanda ya dace mai bindiga ya nema.

Maganar ba ta 'yan tsiraru ba ce. Wata cibiyar bincike da ke Janiba, wadda aikinta shi ne ƙidayar ƙananan makamai na duniya, ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun farar hula a Nijeriya. Mafi yawansu ba su da lasin, kuma masu riƙe da su ba da su mu ke magana ba; wannan aikin 'yan sanda ne da kotu. Da mutumin kirki mu ke magana, wanda ya bi hanya ya sami takarda: manomi mai korar birai da gyado daga gona, da maharbi, da ɗan kasuwa ko ma'aikaci mai bindiga baki biyu a ƙuryar ɗaki.

Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yanzu da ita a ke aiki, ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai irin na soja da fistol, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin na farauta, waɗanda lasin ɗinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sa'an nan akwai namu na gargajiya da a ke ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. To, a nan ne mu ke so a tsaya a yi tunani. Mutanen nan da doka ta ce kada a ba su bindiga, ashe ba a gidajenmu su ke ba? Wane gida ne babu yaro? In hukuma ta ƙi ba yaron lasin, ubansa kuwa ya bar masa bindiga a ƙarƙashin katifa, ai an yi tufka da warwara. Dokar ta kuma ce alhakin tsare bindiga yana wuyan mai ita, in ta ɓace ko an sace ta lalle ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin cikin kwana 14. Abin da ba ta faɗa ba shi ne irin akwatin, da kaurin ƙarfensa, da irin kullensa. Ta bar wa kowa hankalinsa.

Waɗansu ƙasashe ba su bar abin haka ba. A Ostareliya, bayan kisan gillar da aka yi a Port Arthur cikin 1996, jihohinsu suka yi yarjejeniya cewa bindigar farauta sai a cikin ma'aji mai kulle, in nauyin ma'ajin bai kai kilo 150 ba lalle a ɗaure shi da bango ko daɓe, harsashi kuma a kulle shi dabam. A Ingila 'yan sanda kan zo gida su duba inda za a ajiye bindiga kafin su ba da takarda, kuma ma'aunin da suka saba bi shi ne kaurin ƙarfen akwati kada ya gaza milimita 2. A Amurka kuwa, inda bindiga ta fi mutane yawa, kotu a jihar Mishigan ta ɗaure wani uba da wata uwa a 2024, kowannensu shekara 10 zuwa 15, saboda ɗansu ya ɗauki bindigar da ba su tsare ba ya kashe ɗalibai 4 a makarantarsu cikin 2021. Malaman makaranta su lura da wannan da kyau.

To, wane irin akwati za a saya? Abu na farko kauri. Kada fenti mai sheƙi da manyan sakatu na ƙofa su ruɗe ka, domin ɓarawo ba ta ƙofa kaɗai ya ke shiga ba. Akwatuna da yawa ƙofarsu kamar ta baitulmali, jikinsu kuwa bai fi kwanon rufi da kome ba, gatari ɗaya ya isa. Masu sayarwa su kan faɗi kaurin da wata lamba da ke tafiya a juye, watau ƙaramar lamba ita ce ƙarfe mai kauri: lamba 14 kusan milimita 2 ke nan, lamba 10 kuwa ta haura milimita 3. Ka tambayi kaurin jiki dabam, na ƙofa dabam. Ka kuma dubi tsakanin ƙofa da bakin akwati. In bakin ƙarfen ɓamɓare taya zai shiga, ba akwati ba ne, kabad ne. Ya kamata kuma a san iyakar abin da a ke saya. Yawancin akwatunan gida da a ke kawowa daga Amurka, alamar gwajin da ke jikinsu ma'anarta ita ce mutum ɗaya da kayan aikin hannu ya yi minti 5 bai buɗe ba. Minti 5 ba abin rainawa ba ne ga ɓarawon da ke sauraron motsin maƙwabta, amma kada wani ya yi tsammanin ya sayi ganuwar Kano.

Na biyu, wanda a ganinmu ya fi kauri muhimmanci, shi ne ɗauri. Akwatin da ƙarti biyu za su iya ɗagawa su aza a bayan babur, ba tsare bindiga ya yi ba, tattara wa ɓarawo kaya ya yi wuri ɗaya. Lalle a huda gindinsa da bayansa a ɗaure da manyan notuna cikin kankare, kawunan notunan suna ciki, yadda ba a kwance su sai an buɗe ƙofa. A nan akwai wata matsala tamu da Bature mai rubuta takardar bayani bai sani ba. Bangon ƙasa ba ya riƙe noti, bulo mai rami ma ba ya riƙewa sosai. Wanda ɗakinsa na tubali ne ko jar ƙasa, sai ya sa magini ya haƙa ƙasa ya zuba masa dakalin kankare, a dasa ƙarafan tun siminti yana ɗanye, kāna a ɗora akwatin a kai. A kafa shi a kusurwa, yadda gefen da ƙofa ke buɗewa zai kusanci bango, don mai ƙarfe ya rasa filin da zai danna. Kuma a ƙuryar ɗaki, ba a zaure ko falo ba. Mai walda na gari, in ya sami farantin ƙarfe mai kauri da kulle na kirki, yana iya ƙera abin da ya fi na kanti da yawa, da kuɗi kaɗan. Illa dai a zaɓi mai riƙon asiri, domin shi da yaransa sun san abin da ke gidanka.

Batun kulle kuwa, akwai mai mabuɗi, akwai mai lambobi da a ke murzawa, akwai na zamani mai batir da a ke latsawa ko a ɗora yatsa. Na batir yana da sauri, amma zafinmu da ƙurar hunturu ba su bar kome ba, ranar da batir ya mutu kuwa sai a koma neman mabuɗin ko-ta-kwana, wanda sau da yawa kullensa shi ne mafi rauni a jikin akwatin duka. Mu dai mun fi amincewa da kullen da aka gina cikin ƙofa, mai mabuɗi ko mai murzawa. Kwaɗo a waje, kome girmansa, abincin zarto ne. Duk akawun da ya taɓa zama kusa da ma'aji ya san cewa ƙarfin sef yana ga wanda ke riƙe da mabuɗi. Tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ba a san ma'aji ya rataye mabuɗin baitulmali a ƙusa ya tafi cin abinci ba. Amma mutumin nan shi ne zai koma gida ya ajiye mabuɗin akwatin bindiga a saman kabad, yana tsammanin yara ba su sani ba. Sun sani. Yaro ya fi uban gida sanin lungunan gida.

Harsashi kada ya kwana tare da bindiga. A nemi akwati mai ɗan ɗaki a sama da nasa kulle dabam, ko a yi masa nasa akwati. Bindigar kuma a sauke ta kafin a ajiye. Wani bincike da likitoci suka buga a Amurka cikin 2005 ya nuna cewa kulle bindiga, da sauke ta, da kulle harsashi, da raba wurin ajiyarsu, kowanne ɗaya yana rage haɗarin yaro ya harbi kansa, bisa kuskure ko da gangan. Akwai kuma maganar gobara: harsashin da ke zube in wuta ta ci shi fashewa kawai ya ke yi ba da wani ƙarfi ba, amma wanda ke cikin bindiga fita ya ke yi sosai kamar an ja kunama, ya sami wanda ya zo kashe wutar.

Ga maharba masu bindigar gargajiya akwai gargaɗi na musamman. Albarushi ba a kulle shi cikin akwatin ƙarfe mai matsewa. In ya kama a sarari ci ya ke yi da sauri. In ya kama a cikin ƙarfe rufaffe, akwatin kansa ya zama bom. Shi ya sa a Ingila hukuma ta ke umurtar masu shi su ajiye shi cikin akwatin katako. A ajiye kaɗan, a busasshen wuri, nesa da murhu da fitila, a kuma kulle ɗakin.

Damina ma abokiyar gaba ce. Akwatin ƙarfe a ɗaki mai laima ya kan tara raɓa, bindiga ta yi tsatsa cikin wata biyu ba a sani ba. A shafe ta da ɗan mai, a fitar da ita daga gidanta na fata ko na tsumma, a kuma jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da a kan samu cikin kwalin sabon takalmi.

Saura zancen dukiya. Masu talla su kan ce ka sayi babba ɗaya ka zuba kome: bindiga, da gwal ɗin uwargida, da takardar fili, da takardun makaranta. Ba mu yarda da wannan shawara ba. Dalilinmu na farko, akwatin da aka yi don takardu an yi shi ne don wuta, yadda zafin ciki ba zai wuce digiri 177 ba har tsawon wani lokaci, abin da aka cusa a jikinsa kuwa yana riƙe da ruwa, har waɗansu masu ƙera shi da kansu su kan ce kada a sa bindiga ciki. Dalili na biyu ya fi wannan. Akwatin da ke da sarƙar uwargida, dole uwargida ta buɗe ranar biki. Wanda ke da takardar shaidar yaro, wata rana yaron za a aika ya ɗauko. Kowace buɗewa ƙarin hannu ce a kan mabuɗi, ƙarin ido kuma a kan bindiga. Ƙananan akwatuna biyu sun fi babba ɗaya.

Mun san abin da wani zai ce, kuma ba za mu raina maganarsa ba. Mutumin ƙauye a Zamfara ko Katsina ko Sakkwato, wanda ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda 'yan fashin daji, zai ce bindigar da ke kulle ina amfaninta da tsakar dare? Abin ya kai har a 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'arta su nemi lasin su kare kansu. Wanda ke cikin wannan hali ba mu da bakin gaya masa yadda zai kwana. Amma yini fa? Mai gida yana gona, yana kasuwa, yana masallaci, yana ofis, sa'o'in da ba ya ɗakin sun fi waɗanda ya ke ciki yawa, kuma cikin sa'o'in nan ne yara ke wasa, ɓarayi ke leƙe. Akwatin da ke kusa da gado, mabuɗinsa a wuyan mai shi, buɗe shi bai fi ɗaure tazuge daɗewa ba.

Abin da mu ke roƙon hukuma shi ne ta cike giɓin nan na doka. A rubuta ma'auni a fili, da Hausa da sauran harsuna: kauri kaza, ɗauri kaza, harsashi dabam. A sa ɗan sanda ya ga akwatin da idonsa kafin a sabunta lasin, ba tare da abin ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro ba. A kuma yi ma'aunin yadda mai walda na gari zai iya cika shi, don kada a ce sai na ƙasar waje, talaka ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya bar shi ɗungum.

Akwai kuma wani abu da iyalai da yawa ba su sani ba, wanda akawuna da malamai, da ya ke su a kan kira wajen rubuta kayan gado, ya kamata su riƙa tunasarwa. Lasin ba a gadonsa. In mai bindiga ya rasu, kwana 14 kaɗai doka ta ba wanda kayan ke hannunsa ya riƙe ta. Bayan haka sai a kai ta ma'ajiyar makamai ta hukuma, ko magaji ya nemi tasa takarda. Kwanakin nan kuwa su ne na zaman makoki, gida cike da baƙi, ɗakin mamaci a buɗe, kowa yana shiga yana fita. Saboda haka mai bindiga tun yana da rai ya zaɓi babban mutum ɗaya mai hankali, ƙane ko babban ɗa, ya gaya masa inda mabuɗi na biyu ya ke da inda takardar lasin ta ke, ya kuma gaya masa ofishin da zai kai su.