A Koya Mana Shuɗaɗɗen Lokaci Ta Hanyar Labari

Ina so in yi amfani da wannan fili in faɗi ra'ayina a kan yadda ake koya mana shuɗaɗɗen lokaci na Turanci. Abin da ya same ni ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Da muka komo daga hutun ƙarshen shekara, malaminmu ya ce kowa ya rubuta yadda ya yi hutunsa. Ni kuwa na zage na ba da labarin ranar Juma'ar da na raka babana kasuwar Wudil sayen sa. Na cika shafi biyu ina murna. Da aka maido littattafai sai na tarar jan biro ya rufe nawa, maki huɗu cikin ashirin. Duk inda ya kamata in sa “went” na sa “go”, inda ake son “bought” na sa “buy”. Abin haushi, tun ina aji ɗaya na haddace jerin nan na “go, went, gone”, in an tashe ni cikin dare zan kawo shi. Ashe hadda daban, aiki da ita daban.

Na daɗe ina tunanin dalili, sai a darasin nahawun Hausa na gano bakin zaren. Mu a Hausa lokaci ba a jikin aikatau yake ba, yana jikin ɗan lamirin da ke gabansa. Mukan ce na tafi, zan tafi, nakan tafi, ita “tafi” tana nan yadda take. Bature kuwa aikatau ɗin yake ɗora wa kayan. Wasu ya liƙa musu “ed” a wutsiya, wasu su sake kama ɗungum, kamar “see” da ke komawa “saw”, wasu irin su “put” da “cut” su ƙi motsi sam. Kuma da zarar “did” ya shigo don tambaya ko korewa, sai aikatau ya sauke kayan ya koma yadda yake. Saboda haka Bahaushe in ya ce “yesterday” sai ya ga ai ya gama nuna lokaci, ya bar aikatau haka nan.

To, amma ku dubi wani abu. Mu ma muna da namu wuyar. Shuɗaɗɗen lokaci biyu gare mu, na “sun zo” da na “suka zo”, kuma na biyun ne ke jan labari. Ƙanena ɗan shekara shida in yana tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi zai ce suka tashi, suka kama hanya, suka iske kura, ba zai taɓa kuskure ba. Wa ya ba shi jeri ya haddace? Babu. A gindin kakarmu ya ji, dare bayan dare, har abin ya zauna masa a kunne.

Don haka nake roƙo a bi da mu ta wannan hanya. Kowace Litinin a ware minti goma, ɗalibi ɗaya ya miƙe ya faɗi da Turanci abin da ya faru ranar Asabar, ko na wanki ne ko na ƙwallo. Kada malam ya katse shi, gama wanda ake tsarewa a kowace kalma ba zai kai ƙarshen zance ba. In ya gama, a rubuta aikatau ɗinsa a allo, aji duka su gyara. A riƙa karanta mana gajerun labarai da ƙarfi kuma, don kunne ya ji bambancin ƙarshen “walked” da “played” da “wanted”, waɗanda rubutunsu ɗaya amma furucinsu uku.

Na san wasu za su ce ba makawa sai an yi hadda. Gaskiya ne, don babu dokar da za ta gaya maka “teach” zai koma “taught”. Ban ce a yar da jerin ba. Cewa na yi a fara da labari, jeri ya biyo baya, ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mu ma ɗalibai da namu laifin. Wanda ya yi kuskure sai a bushe masa da dariya, har a laƙa masa suna a ɗakin kwana, daga nan ya kama bakinsa. Alhali jarrabawar WAEC na tafe, kuma akan ba da zaɓin rubuta labari a takardar insha'i. Ranar nan ba wanda zai yi dariya.

Ni dai na fara. Kullum bayan karatun dare nakan rubuta layi biyar na abin da na yi a wunin, abokina ya duba nawa, in duba nasa. Allah Ya ba mu sa'a baki ɗaya, amin.