Wa Ya Kori Shamuwa Daga Gyaɗi-Gyaɗi?

Duk ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, mun san abin da za mu gani a wayoyinmu. Manajan kamfani ya durƙusa riƙe da ɗan dashe a leda, ma'aikata sun kewaye shi sanye da riguna masu tambari, kowa sai murmushi. A ɗauki hoto, a ɗora a Facebook, a rubuta cewa ana kare muhalli. Bayan mako biyu akuya ta gama da dashen. Babu mai komawa ya duba, domin hoton ake so, kuma an samu.

To, mu mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni muna da tambaya. Kafin a gina harabar da manajan ya fito daga cikinta, me ke wurin? Ku bi titin Zariya daga gadar Dangi zuwa Unguwa Uku, ku dawo ta Court Road, ku ƙirga gidajen mai da bankuna da jerin shaguna. Sannan ku ƙirga waɗanda suka bar babbar bishiya ko ɗaya a harabarsu. Yawanci tsari ɗaya ne: a sare maɗaci ko darbejiyar da ta girmi mai ginin, a shimfiɗe intalok daga katanga zuwa katanga, a ajiye tukwanen fulawa biyu a bakin ƙofa.

Bishiyar da aka sare gida ce. A kanta shamuwa ke yin sheƙa idan ta zo mana da albishir ɗin damina. A kanta balbela ke kwana, jemagu ke rataye, zuma ke samun fure. Yaran da aka haifa a unguwannin nan cikin 'yan shekarun nan, nawa ne suka taɓa ganin sheƙar shamuwa? Ungulu kuwa, wadda da ba a raba ta da mahauta, ta yi ƙarancin da tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Ana cewa ungulu ba ta jewar banza. Gaskiya ne, shara take yi mana kyauta. Da ungulaye suka mutu a Indiya saboda wani maganin da ake ba shanu, mushe ya yi yawa, karnukan titi suka ƙaru, cutar haukan kare ta bi bayansu.

Kada a ce kamfani ba zai iya ba. A Legas, kamfanin Chevron ne ya ɗauki nauyin kafa gandun Lekki a 1990, wanda gidauniyar NCF ke kula da shi har yau a tsakiyar unguwa mai tsadar fili. A tsibirin Bonny, kamfanin gas na NLNG ya keɓe gandun Finima. Ba mu ce kamfanonin mai tsarkaka ne ba, mutanen Neja Delta sun fi mu sanin halinsu. Amma abin da suka keɓe yana nan, ana iya shiga a gani. Mu a nan me za a nuna mana?

Mun san amsar masu gini: fili na da tsada, gurbin bishiya gurbin shago ne, shago kuma aikin yi ne ga matasa. Mun ji. Sai dai wannan lissafin bai cika ba. Idan Afrilu ta zo zafi ya haura digiri 40, kuɗin dizal ɗin sanyaya ginin wa ke biya? Idan ruwan Agusta ya sauka a kan siminti bai sami inda zai nutse ba, gidan wa yake shiga? Ribar ta mai gini ce, ambaliyar ta maƙwabci.

Wasu kuma su ce ai ga gidan Zoo nan kusa, wanda Audu Bako ya bar mana. Dabba a keji ba ta shuka iri, ba ta cin sauro, ba ta kwashe mushe. Gari ba ya rayuwa da inuwar katanga ɗaya.

Mu ma ba mu wanke ba. Kan ungulun da ake sayarwa don tsibbu, wani daga cikinmu ne ke saye. Wanda ya sare bishiyar ƙofar gida don ya fitar da shago, ɗan'uwanmu ne.

Buƙatarmu kaɗan ce. KNUPDA ta daina amincewa da zanen ginin kasuwanci sai ya nuna bishiyoyin da ke filin da waɗanda za a bari. A bar wani sashe na kowace haraba ƙasa zalla. A dasa namu na gida, tsamiya da ɗorawa da kanya da maɗaci, a kewaye su, a ɗauki mai ba su ruwa. Kamfanin da ya ɗora hoton dashe bana, baɗi mu tambaye shi a ƙarƙashin wannan hoton: ina bishiyar? Idan ya yi shiru, mun san inda ba za mu kai kuɗinmu ba.